Yadda Wayar Hannu Ke Gane Inda Take a Cikin Gida ta Hanyar Wi-Fi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyar da wayar hannu da makamantanta ke bi su gane inda suke a cikin ɗaki, wurin da siginar taurarin ɗan'adam ba ta cika isa ba. An nuna cewa aikin ya dogara ne a kan abubuwa uku: yekuwar da kowace na'urar Wi-Fi ke yi, da rumbun bayanan da kamfanoni suka tara game da mazaunin waɗannan na'urori, da lissafin da ke haɗa biyun. An kuma duba dalilan da ke sa waya ta yi kuskure, da abin da wannan fasaha ta haifar game da sirrin gidajen mutane.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa matambayi ba ya ɓata. Baƙon da ya shiga unguwa yana neman gida ba ya buƙatar lambar titi, kwatance ake yi masa: ka wuce masallacin Juma'a, ka karya dama wajen mai shayi, gida na uku bayan rijiya. Kwatance irin wannan yana aiki ne domin akwai alamomin da ba sa motsi, kuma akwai 'yan gari da suka san mazaunin kowace alama. Fasahar da wannan maƙala ta duba ta ginu ne a kan wannan hikima.

Mutane da dama sun ɗauka cewa duk lokacin da shuɗin ɗigon nan ya bayyana a taswirar waya, tauraron ɗan'adam ne ya hango su. Sau da yawa ba haka lamarin yake ba, musamman idan mutum yana zaune a cikin ɗaki. Na'urar iPod touch da kamfanin Apple ya fitar a 2007 ba ta da GPS, ba ta kuma ɗaukar layin waya, amma daga watan Janairun 2008 ta riƙa nuna wa mai ita inda yake a taswira. Abin da take da shi kawai shi ne kunnen jin Wi-Fi. Sanin yadda haka ke faruwa ya shafi duk mai na'urar intanet a gida, domin na'urar tasa ce ta zama alamar da ake kwatance da ita, ko ya sani ko bai sani ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Wi-Fi hanya ce ta haɗa na'urori da intanet ta igiyar rediyo a gajeren zango. Ƙa'idarta ta farko, mai lamba 802.11, ta fito a 1997 daga cibiyar injiniyoyi ta IEEE. A wannan maƙala an kira akwatin da ke watsa Wi-Fi a gida ko ofis da sunan tasha, domin aikinsa ya yi kama da na tashar rediyo ƙarama. Rumbun bayanai kuwa shi ne jerin bayanan da aka adana a manyan kwamfutocin kamfani, wanda waya ke aika wa tambaya ta intanet. An yi amfani da kalmar yekuwa wajen nufin gajeren saƙon da tasha ke maimaitawa don sanar da cewa tana nan, kamar yadda sanƙira ke zagaya gari da sanarwa.

3.0 Dalilin Gazawar GPS a Cikin Ɗaki

GPS tsari ne na Ma'aikatar Tsaron Amurka, wanda ya kammala fara aiki a 1995. Taurarinsa suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 ko kusa da haka, kuma an tsara su kada su gaza 24. Kowane tauraro yana aiko da lokacin agogonsa da matsayinsa, waya kuma ta auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso. Tana buƙatar jin taurari huɗu aƙalla kafin ta fitar da matsayinta. Rasha da Tarayyar Turai da Sin suna da nasu tsarin, wato GLONASS da Galileo da BeiDou, kuma duk a kan wannan tafarki suke.

Matsalar ita ce saƙon yana isowa ƙasa a galabaice. Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm. Siginar GPS a fili tana kusa da -130, ta tashar Wi-Fi da ke ɗaki na gaba kuwa tana iya kai -60. A wannan ma'auni kowane bambancin 10 yana nufin ninki goma, saboda haka tazarar 70 tana nufin siginar tashar ta fi ta tauraron ƙarfi sau miliyan goma. Rufin kwano da dakalin siminti da katanga mai kauri sun isa su danne abin da ya zo da rauni haka. Ga kuma jinkiri da cin batir, domin wayar da ta daɗe ba ta ji taurari ba sai ta ɓata lokaci tana lalubensu. Turakun sadarwa na kamfanonin waya suna taimakawa, amma turke ɗaya yana iya ɗaukar unguwa sukutum, a karkara ma kilomitoci da dama. Tashar Wi-Fi kuwa muryarta ba ta wuce 'yan gidaje, don haka duk wayar da ta ji ta, to tana kusa da ita. Gajartar zangon nata ita ce ta sa ta zama alama mai amfani.

4.0 Yekuwar Tasha

Kowace tasha tana fitar da yekuwa kusan sau goma a cikin daƙiƙa ɗaya, a zangon gigahaz 2.4 ko 5. Yekuwar tana ɗauke da abubuwa biyu da suka shafi wannan bayani. Na farko shi ne sunan da mai gida ya raɗa wa tashar, wanda ake kira SSID, shi ne ke bayyana a jerin da mutum ke gani a wayarsa. Wannan suna ba ya wadatarwa wajen gane wuri, domin gidaje dubu suna iya barin sunan da tashar ta zo da shi daga masana'anta. Na biyu shi ne lambar tashar, wadda ake kira BSSID, jerin alƙaluma da haruffa goma sha biyu. Tsarin lambar yana iya samar da lambobi sama da tiriliyan 281, kuma bisa al'ada rabinta na farko yana nuna kamfanin da ya ƙera na'urar. Idan suna ya yi kama da laƙabin da mutane da yawa ke amsawa, lambar ta yi kama da zanen yatsa.

Abin lura a nan shi ne yekuwar a buɗe take. Kalmar sirri tana kare abin da ke wucewa tsakanin tasha da masu amfani da ita, amma ba ta rufe lambar tashar. Ko mai gida ya ɓoye sunan, lambar tana nan tana fita. Waya ba ta buƙatar shiga tashar maƙwabci kafin ta amfana da ita, saurare kawai take yi. A cikin daƙiƙu kaɗan sai ta haɗa jeri: ga tasha kaza da ƙarfi -48, ga wata da -71, ga wata da -86. A wayoyin Android akwai ma zaɓin da ke ba waya damar ci gaba da wannan saurare ko da mai ita ya kashe Wi-Fi.

Jerin shi kaɗai bai faɗi komai game da wuri ba. Yekuwa ba ta ɗauke da adireshi, tashar kanta ba ta san inda aka ajiye ta ba. Baƙo ne ya ga rijiya da masallaci, saura ɗan garin da zai gaya masa inda suke.

5.0 Yadda Aka Tara Rumbun Bayanai

Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan gari a wannan sha'ani shi ne rumbun da ya haɗa lambar kowace tasha da matsayinta a taswira. An bi hanyoyi biyu wajen tara shi.

Hanya ta farko ita ce zagaye da mota. Kamfanin Skyhook Wireless, wanda aka kafa a birnin Boston a 2003, ya ɗauki direbobi suna bin tituna ɗauke da na'urar GPS da mai sauraren Wi-Fi. Duk inda aka ji wata tasha sai a rubuta lambarta da ƙarfin siginarta da wurin da motar take. Idan aka ji tasha ɗaya daga wurare da dama, ana iya ƙiyasta gidan da take. Rumbun wannan kamfani ne iPod touch da iPhone na farko suka dogara da shi a 2008, kafin Apple ya koma ga nasa a 2010. Motocin Google masu ɗaukar hotunan tituna, waɗanda ake kira Street View, su ma sun yi irin wannan aiki.

Hanya ta biyu ita ce ta rinjaya a yau, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wayoyin jama'a ne da kansu suka zama masu safiyo. Mutum yana tafiya a titi, wayarsa tana jin taurari sosai, tana kuma jin tashoshin gidajen da yake wucewa. Idan ya bar zaɓin inganta gano wuri a kunne, wayar za ta aika wa Google ko Apple rahoto cewa a wuri kaza ta ji tashoshi kaza. Rahotanni irin wannan daga masu wucewa daban-daban su ake tarawa a daidaita. Ta haka tashar da aka saya jiya take iya shiga rumbun cikin ɗan lokaci, ba tare da mai ita ya cike takarda ba. An yi ƙoƙarin samar da rumbun da ba na manyan kamfanoni ba. Gidauniyar Mozilla ta buɗe nata a 2013, amma ta rufe shi a 2024.

6.0 Lissafin Fitar da Matsayi

Idan waya ta haɗa jerinta, sai ta tuntuɓi rumbun ta intanet. Kamfanonin biyu sun bambanta a nan. A tsarin Google, waya tana aika lambobin da ƙarfin siginarsu, kwamfutar kamfanin ta yi lissafi ta dawo da amsa. A tsarin Apple, kamfanin yana aiko wa waya da matsayin tashoshin da ta tambaya, har da na wasu ɗaruruwa da ke kewayen, wayar ta yi lissafin da kanta ta kuma adana saura don gaba. Lissafin kansa yana bin ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

6.1 Tsakaitawa Bisa Ƙarfin Sigina

Wannan ita ce mafi sauƙi. Ana ɗaukar matsayin tashoshin da aka ji a nemi tsakiyarsu, amma a ba wadda ta fi ƙarfi nauyi mafi yawa. Misali, a ce tashoshi biyu suna da tazarar mita 40, lissafi ya ba ta farko nauyi uku, ta biyu nauyi ɗaya. Za a raba tazarar gida huɗu, a sa ɗigon a mita 10 daga ta farko, mita 30 daga ta biyu. Ga mai zaune a gidansa, tashar gidan ce ta fi kowace ƙarfi, shi ya sa ɗigon kan faɗa kan gidan ko dab da shi.

6.2 Haɗuwar Da'irori

Sigina tana raguwa da nisa. A fili, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ana iya juya ƙarfi ya zama ƙiyasin nisa. Akuyar da aka ɗaure a turke da igiya mai tsawon mita 10, idan ta ja igiyar ta miƙe, an san tana wani wuri a bakin da'irar da ke kewaye da turken. Da za a ɗaure ta da turke na biyu, wurare biyu kawai za su rage, inda da'irorin suka ratsa juna. Turke na uku shi ke raba gardama. Haka ake yi da tashoshi uku ko fiye. Sai dai a cikin gida da'irorin ba sa haɗuwa a ɗigo ɗaya, fili suke bari a tsakaninsu. Wannan fili shi ne shuɗin da'irar da ke kewaye ɗigon a taswira: idan ta yi faɗi, wayar ba ta da tabbas.

6.3 Zanen Yatsan Sigina

A 2000, Paramvir Bahl da Venkata Padmanabhan na sashen bincike na Microsoft sun gabatar da tsarin da suka kira RADAR. Maimakon ƙiyasin nisa, sun zagaya hawa ɗaya na ginin ofishinsu suna rubuta ƙarfin kowace tasha a kowane wuri. Daga baya idan na'ura ta kawo jerinta, sai a nemi wurin da jerinsa ya fi kama da shi. Kuskurensu ya tsaya tsakanin mita biyu zuwa uku. Amfanin wannan hanya shi ne katanga da ƙofa sun riga sun shiga cikin awon. Aibinta kuwa, da zarar an matsar da tasha ko an sauya fasalin ɗaki, sai an sake awo.

6.4 Awon Lokaci

Sabuwar hanya ta bar ƙarfin sigina ta koma ga lokaci. Waya tana aika saƙo, tasha ta amsa, a auna tsawon zuwa da dawowa. Igiyar rediyo tana tafiyar kusan santimita 30 a cikin kashi ɗaya na biliyan na daƙiƙa, saboda haka tashar da ke nisan mita 10 tana ɗaukar kusan kashi 67 na irin wannan zuwa da dawowa. Ƙa'idar 802.11mc ta 2016 ce ta tanadi wannan, Android 9 kuma ta karɓe ta a 2018. Tana iya rage kuskure zuwa mita ɗaya ko biyu, amma sai wayar da tashar duka suna da wannan fasaha.

A aikace waya ba ta dogara da kafa ɗaya. Tana haɗa abin da Wi-Fi ya ba ta da na turakun sadarwa da ɗan abin da ta tsinta daga taurari. Ƙiyasin Wi-Fi yana kuma gaggauta GPS, domin wayar da ta san garin da take ta san taurarin da za ta nema.

7.0 Dalilan Kuskure

Duk tsarin ya ginu a kan zaton cewa alama ba ta motsi. Idan iyali suka tashi daga wani gari zuwa wani da tasharsu, ko mutum ya sayi tashar gwanjo da aka yi amfani da ita a wata ƙasa, waya tana iya nuna tsohon wurin har sai sababbin rahotanni sun rinjayi tsofaffi. Ba wayar ce ta lalace ba, ɗan garin ne bai ji labarin ƙaurar ba.

Wannan batu ya fi shafar wurare irin su arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda gidaje da yawa ke samun intanet ta ƙaramar na'urar da ake sawa a aljihu, ko ta wayar wani da ya buɗe wa 'yan gida. Tashar da ke kwana a gida, ta wuni a kasuwa, ba ta zama alama, kuma masu rumbun suna ƙoƙarin ware irinta. Ɗaukewar lantarki ma tana kashe tashoshin unguwa a lokaci guda. Inda tashoshi tsayayyu suka yi ƙaranci, waya kan koma ga turken sadarwa, da'irar taswira ta yi faɗi. Shi ya sa waya iri ɗaya take iya nuna gida daidai a unguwa mai ofisoshi da shaguna, ta kasa a ƙauye.

Ginin gidan ma yana da tasiri. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, katanga tana rage ta, ruwa yana shanye ta, jikin ɗan'adam kuwa mafi yawansa ruwa ne. Mutum yana iya juya baya ga tashar kawai, ƙarfin da wayarsa ke ji ya ragu, lissafi ya ɗauka ya yi nisa. Haka kuma sigina tana isowa ta hanyoyi da yawa bayan ta bugi bango da rufi, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su raunana juna. Wannan ne ya sa ɗigon kan yi yawo alhali wayar tana ajiye a kan tebur.

8.0 Batun Sirri

A watan Mayun 2010 Google ya amsa cewa motocinsa ba lambobin tashoshi kaɗai suka kwasa ba, har da gutsattsarin saƙonnin da ke wucewa a tashoshin da ba su da kalmar sirri. A 2012 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala 25,000 saboda kawo cikas ga bincike, a 2013 kuma ya amince ya biya dala miliyan 7 a sulhun da ya yi da jihohi 38. A watan Afrilun 2011 Alasdair Allan da Pete Warden suka bayyana cewa iPhone tana adana dogon tarihin wurare a cikinta. Apple ya ce bayanan tashoshi da turakun da ke kewaye ne, sannan ya rage tsawon lokacin adana su. A ƙarshen wannan shekara Google ya ba masu tashoshi mafita: wanda ya ƙara _nomap a ƙarshen sunan tasharsa, za a cire ta daga rumbun.

A 2024 Erik Rye da Dave Levin na Jami'ar Maryland suka nuna wata ɓaraka mafi girma. Da yake tsarin Apple yana amsa wa duk mai tambaya, har ya ƙara masa da tashoshin kewaye, sun yi ta aika lambobin ƙirƙira har suka tara matsayin tashoshi sama da biliyan biyu a faɗin duniya cikin shekara ɗaya. Sun iya bin motsin na'urori a fagen yaƙin Yukren, sun kuma ga yadda tashoshin Gaza suka riƙa ɓacewa. Ma'anar wannan ga talaka a fili take: wanda ya gudu daga mai cutar da shi ya tafi da tasharsa, mai riƙe da lambar yana iya gano sabon gidansa. A wannan shekara Apple ya sanar cewa shi ma yana mutunta alamar _nomap.

Wayoyin zamani suna sauya tasu lambar don kada a bi sawunsu, amma yawancin tashoshin gida suna riƙe da lamba ɗaya har su mutu. Nauyin kare kai ya faɗa kan mai gida, wanda galibi bai taɓa jin labarin rumbun ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta lissafa bayanin wuri cikin abubuwan da ake gane mutum da su. Abin da ya rage a tattauna shi ne matsayin tashar da maƙwabci ko mai wucewa ya kai rahotonta, alhali mai ita ba a nemi yardarsa ba. A al'adar da ta sa zaure tsakanin titi da cikin gida, ta kuma hana baƙo shiga sai da sallama, wannan tambaya ba ƙarama ba ce.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wayar da ke cikin ɗaki tana gane inda take ne ta hanyar kwatance: tana sauraren yekuwar tashoshin kusa, ta tambayi rumbun da ya san mazauninsu, lissafi ya fitar da matsayi. Ingancin amsar ya danganta da yawan tashoshi tsayayyu da sabuntar rumbun da yanayin gini. An kuma ga cewa buɗaɗɗiyar lambar da ta sa tsarin yake aiki ita ce ke iya tona mazaunin mai tashar. Mai gida yana da matakai uku a hannunsa: ya duba manhajojin da ya ba izinin sanin wurinsa, ya ƙara _nomap a sunan tasharsa idan ba ya son ta shiga rumbun, ya kuma sauya tasha idan yana da dalilin ɓoye sabon mazauninsa. Yawancin bayanan da ke koyar da waɗannan matakai ba da Hausa suke ba, saboda haka akwai aiki a gaban masana harshe na daidaita kalmomin wannan fanni domin saƙon ya isa ga masu wayoyin.